Abin da Giranda Ta Bari

Shekara talatin da ɗaya Mai Tayil ya yi a durƙushe a ɗakunan mutane. Gwiwoyinsa sun yi kanta kamar dunduniya, siminti kuma ya cinye zanen yatsunsa. Ba mutum ne mai yawan magana ba. In ka tambaye shi ko aikinsa ya yi kyau, ba zai yabi kansa ba, sai dai ya miƙa maka gudumar roba ya ce ka buga da kanka.

Amma ba hannu ne ya yi masa suna ba, kunne ne. Tayil in ya zauna daram a kan kwaɓi, ka ƙwanƙwasa shi, sautin gajere ne, a toshe. In akwai kogo a ƙarƙashinsa, sai ya amsa maka da wani ɗan kuka. A ido duk ɗaya suke. Sai bayan wata shida ƙafar kujera ta hau mai kogon, ya tsage gida uku. Babu mai wannan sana'a da ba ya barin kogo nan da can, har gwanin gwanaye. Bambancin kawai, gwani yana jin sa tun kwaɓi na ɗanye, ya ɗaga ya cike. Mai Tayil kuwa ko yana bakin ƙofa wani ke bugawa a ƙuryar ɗaki, zai ce masa, "Na ukun nan, ɗaga shi."

A hannun kawunsa ya koya, lokacin da hannu ke yin komai. Ka ja layi da ɗan ƙarfe mai kaifi, ka danna, tayil ya ɓalle ƙas. Zagayen bututu kuwa da filaya ake gutsurar sa, kaɗan-kaɗan, kamar ɓera ya samu sabulu. Banɗaki ɗaya sai ya ci musu kwana huɗu. Wurin aiki shiru, har rediyon maƙwabta suke saurare.

Sai giranda ta zo, injin nan na hannu mai faifai da ke yanka dutse kamar takarda. Ba zai yi mata ƙarya ba, ta fi. Kwana huɗu ya koma yini ɗaya da rabi. Tayil ɗin zamani ma, masu taurin tsiya, ƙarfen kawu ko gezau ba ya sa su yi. Da giranda ya tashi daga ɗaki ɗaya ya kama ciki da falo, da ita yaransa uku suka shiga makaranta. In wani ya fara yabon kayan da, yakan ce, "Kai dai ba ka taɓa gutsurar tayil da filaya ba." Kawunsa ya ƙi taɓa ta har ya bar duniya. Ya mutu da kunnensa garau, amma ya yi shekara tara kafin mutuwar ba wanda ya kira shi aiki.

Ba wanda ya taɓa ce wa Mai Tayil ya toshe kunne. Da farko wani ɗan ƙara ne ke biyo shi gida, ziii, ya kwana da shi, da safe ya sake shi. Daga baya sai ya yi kwanaki kafin ya saki. Kukan tsuntsaye ne ya fara tafiya, sai ƙarar wayarsa, sai siririyar muryar Auta, ƙaramar 'yarsa. Kunnen dama ya mutu murus. Na hagu ya rage masa abu guda: muryar matarsa, in ta matso kusa. Maman Auta ba ta taɓa ce masa komai a kai ba. Kawai dai wata rana ya lura ta ɗauke kujerarta ta mayar hagunsa, a hanya ma ta hagu take bi.

Ita ta ja shi asibiti. Likitan ya duba takarda, ya matso ta hagu ya ce, "Baba, wanda ya tafi ya tafi. Ɗan abin da ya rage, in kana son sa, ka rabu da injin nan. Auduga ba za ta cece ka ba yanzu."

"In rabu da shi in ci me?"

Likita ya rufe takardar. Wannan ba ya cikin karatunsa.

A wurin aiki ya iya ɓoyewa. In an yi dariya ya yi, in an yi magana ya kalli baki ya gyaɗa kai. Yanka kuma ya bar wa wasu, wai kafaɗa ce ke damun sa. Yana nan yana ƙwanƙwasa kowane tayil kamar da, har da ɗan karkata kai, amma na ganin ido ne, duk sauti ɗaya suke ba shi. Wata biyu da suka wuce, tayil shida suka fashe a wani kanti da ya yi. Ɗan kwangilar da yake wa aiki ya ja shi gefe.

"Baba, furfurarka nake gani, wallahi. Amma in aka sake, ka ga mutanen da ke tsaye a bakin get kullum safe? Aiki suke nema, kuma ba su kai rabin shekarunka ba."

Wannan kam ya ji shi sarai, don a kunnen hagu aka faɗa.

Yanzu ga babban ɗakin taro na wata makaranta, tayil ɗari tara, duk shi ya ɗora. Gobe da safe injiniya zai zo karɓar aiki, kuma an san shi da wata sandar ƙarfe mai dunƙulen kai da yake ja a ƙasa yana saurare. Yau ranar hutu ce, ba kowa a wurin sai maigadi. Tun da sassafe ya ce wa matarsa, "Ɗauko mayafinki, aron kunne zan yi."

Maigadi ya buɗe musu get yana washe baki. "A'a, yau har da madam? Ko ita ce injiniyar?"

Maman Auta ta ce, "Shekara ashirin da bakwai ina duba aikinsa, har yau bai ci jarrabawa ba."

A cikin ɗakin taron Mai Tayil ya durƙusa, ya ce mata, "Kin san tayil ɗin nan na bayan ƙofarmu?"

"Wanda ka ce za ka gyara tun Auta na goye?"

"Shi. In kin ajiye bokiti a kai, akwai kukan da yake yi. Irinsa za ki nemo min."

Ya fara bugawa, tana sunkuye. Ɗakin babu komai a ciki, kowane bugu sai ya je bango ya dawo.

"Wannan fa?"

"Sake."

Ya sake.

"Kamar shi, kamar ba shi ba."

"Babu kamar a aikin nan! Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Kada ka yi min tsawa, Baban Auta, ni ba leburarka ba ce. Duk ɗakin ne ke amsawa, ta ina zan gane?"

Bai san ya ɗaga murya ba. Suka yi layi biyu a haka, ta nuna huɗu, ta dawo ta ce a'a biyu ne, ta sake cewa ko dai biyar.  Ya yar da gudumar, ya zauna dirshan, ya dafa ƙasa da tafin hannu.

"Ke kina ji ba ki sani ba, ni na sani ba na ji. Mu biyu ba mu kai mutum ɗaya ba."

Haushi ya kama ta. Ta ɗauki gudumar ta maka wa tayil ɗin da ya dafa. Ya ɗago da sauri.

"Sake."

"In sake me? Hannunka zan samu wannan karon."

"Na ce ki sake!"

Ta buga. Ya ji shi, ba a kunne ba, a tafin hannu: wata 'yar rawa, kamar abu mai rai ya motsa a ƙarƙashi. Ya matsa kan na kusa, ta buga, shiru, dutse. Ya koma na farko, ga rawar nan. Ya zaro alli daga aljihu ya ja masa gicciye.

Haka suka bi ɗakin da rarrafe, ita da guduma, shi da tafin hannu. Kafin su kai rabi ita ma kunnenta ya saba, har tana riga shi. "Wannan ɗan'uwan na bayan ƙofarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Rana ta take tsaka kafin su taɓa bangon ƙarshe. Ya miƙe da ƙyar ya waiwaya. Gicciye talatin da bakwai. A da, ko uku aka samu a aikinsa ba zai iya cin abinci ba.

Akwai ragowar tayil a sito, akwai siminti, akwai yashi. Matsalar cirewa ce. Kafin ka ɗaga tayil ɗaya a tsakiyar 'yan'uwansa, sai ka yanke layin simintin da ya haɗa su ta gefe huɗu, in ba haka ba na kusa su ɓare. Da cizal, ɗan ƙarfen sassaƙa, da guduma, a hankali, yadda kawu ke yi, kwana uku ne. Da giranda awa uku. Injiniya kuwa gobe da safe.

Ya je sito ya dawo da girandar a hannu. Maman Auta ta kalli injin, ta kalle shi.

"Ajiye abin nan."

"Kwana uku gare ni?"

"To ba ni, ni in yanka. Ka nuna min."

"Ta fizge ki ta kwashe miki yatsu. Maza ma tana yi musu."

"Kira wani cikin abokan aikinka."

"In na kira ɗaya yau, gobe kowa ya sani."

"To su sani mana! Ka je ka gaya wa ɗan kwangilar gaskiya."

"In ce masa mai tayil ba ya ji? Direba ya taɓa zuwa ya ce wa maigidansa ba ya gani, aka bar masa mota?" Ya fara warware wayar injin. "Babban ɗanmu bai samu aiki ba, kin sani. Auta saura shekara biyu ta gama. Wa zai ɗauke ni a shekarun nan? Me na iya ban da durƙuso?"

Ta matso dab da kunnensa na hagu. Muryarta ta sauka.

"Ni kuma da wa zan riƙa magana?"

Ya daɗe yana kallon faifan girandar. 

"In kina da abin faɗa, faɗa min yanzu," ya ce.

 Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu, a fusace.

"Ba ni da abin faɗa. Takalmin Auta ya yage, famfon tsakar gida yana zuba, kai kuma kanka ya fi tayil ɗin nan tauri."

Ya ji kowace kalma. Ya cusa auduga a kunnuwa biyu, har wanda ya mutu. Ta cire mayafinta ta naɗe masa kai da shi, ta ƙulle tam a ƙarƙashin haɓa, sannan ta fita ta ce wa maigadi ya tayar da janareta.

A fili ma giranda ba ta da kunya, balle a ɗakin da babu ko labule. Ƙarar ta cika shi har rufi, ta shiga haƙoransa, ta sauka a ƙashin bayansa. Bai tsaya ba. Gefe huɗu sau talatin da bakwai, ƙura ta mayar da shi fari fat. Hannunsa bai karkace ko sau ɗaya ba, kuma ko tayil ɗaya na kusa bai ɓare ba. Injin ya yi aikinsa tsaf, kamar kullum. Da ya kashe shi, ta dawo ta kama masa kwaɓi. Kowane sabon tayil ya shafe masa baya da kwaɓi har gefe, ya zaunar, ta buga, ya dafa. Kafin rana ta faɗi sun gama.

A hanyar gida tana hagunsa, bakinta na motsi. Ziii kawai yake ji.

"Da safe zai saki," ya ce mata. "Haka yake yi."

Da safe bai saki ba.

Injiniya ya zo da sandarsa, ya fara ja daga bakin ƙofa, layi-layi, kansa a karkace. Mai Tayil ya tsaya a jikin bango yana karanta fuskarsa. Mutumin ya kai ƙarshe, ya dawo ta tsakiya, ya tsaya daidai inda gicciye suka fi yawa jiya, ya dafa ƙugu. Sai ya gyaɗa kai, ya zaro biro ya sa hannu.

Ɗan kwangila ya zo ya dafa kafaɗar Mai Tayil, ta hagu, ya yi magana mai tsawo. Leburori suka bushe da dariya, shi ma ya yi. Sannan mutumin ya nuna ginin da ke gefe, ya ɗaga yatsu uku: hawa uku, duk nasa. Ya yafito wani, aka kawo kwali aka buɗe a gabansa. Sabuwar giranda ce, ta fi tsohuwar girma, faifanta na ƙyalli.

Mai Tayil ya karɓa da hannu biyu. "To," ya ce. Bai ji kansa ba.

Da yamma ya shiga gida da kwalin a hammata. Maman Auta na zaune a inda ta saba, gefen hagun kujerarsa. Ya zauna. Ta matso ta yi masa magana a kunne, ya ji ɗumin numfashinta. Ta sake, da ƙarfi, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa.

 Sannan ta miƙe, ta ɗauki kujerarta, ta zagayo ta ajiye a gabansa, daidai inda zai ga bakinta.