Muryar Baba a Gwangwanin Allura

Kafin Baba ya rasu a Makka, inda ya je neman aiki, ya aiko mana da wasiƙa a kaset, kamar yadda ake yi a lokacin. Inna ta adana shi a gwangwanin ɗinkinta a Miga, duk Juma'a ta ɗauko ta saurara.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ina koyar da kimiyya a Dutse. Na zo hutu na tarar Inna ta rame. Muryar Baba a kaset ɗin ta soma yankewa, nan a ji, can shiru. Wata maƙwabciya, Allah ya shirye ta, ta gaya mata wai mamaci ne ke janye maganarsa idan yana fushi da mutum. Inna kuwa ta hau ta zauna.

Na buɗe gwangwanin. Ga kaset ɗin kwance a kan maganaɗisun tsohuwar sifika, wanda take tsince allura da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, baƙin nan na jikin zaren kaset tsatsa ce kawai," na ce. "Idan ta taru a jikin garma ba ta riƙe komai. Sai an shimfiɗa ta siriri, ta fi fatar albasa, sannan ƙwayoyinta su jeru su ɗauki magana. Wannan ƙarfen naki shi yake birkita jerin."

Yayana ya yi dariya. "Malama an fara. Tsatsa ce za ta yi sallama?"

Na sa sabon kaset a rikoda, na ce ya maimaita. Ya maimaita har da ƙari. Muka saurara, ga shi nan raɗau yana cika baki. Na miƙa wa Inna maganaɗisun, na ce ta goga a jikin sabon kaset ɗin da hannunta. Da muka sake kunnawa babu yaya babu dalilinsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A ranar na kwafe abin da ya rage na muryar Baba zuwa wani sabon kaset. An rasa gaisuwar dangi da zancen gona, amma wurin da Baba ya ce ta yafe masa daɗewar da ya yi yana nan.

Inna ta saurara sau biyu. "Ashe ba fushi yake da ni ba," ta ce. Sannan ta ce a zubo mata tuwo.