Gurguwar Akuyar Don Eulogio

Shekara arba'in Don Eulogio Cassiani ya yi yana girgiza unguwar Rebolo da sifikokinsa masu tsayin ƙofar gida. A hannun ma'aikatan jirgin ruwa yake sayen faya-fayan waƙoƙin Afirka, ya sa wuƙa ya kankare rubutun jikinsu, ya raɗa wa kowace waƙa sunan da ya ga dama. Haka sana'ar take, don kada abokin hamayya ya san abin da zai je nema. Akwai wadda ya sa wa suna Gurguwar Akuya, duk birnin Barranquilla shi kaɗai ke da ita, kuma saboda ita ake gayyatarsa biki.

Ko da ya kwashe waƙoƙin zuwa kwamfuta, da sunayen nan nasa ya zuba su. Bana kwamfutar ta tsufa ta fara ɗaukewa, sai Wílmer, mijin 'yarsa, sarkin rawar kai, ya ce a bar masa aikin juye su cikin sabuwa.

Ya juye kuwa. Amma da manhajar waƙoƙi ta sabuwar kwamfutar ta tambaya ko a gyara sunaye, bawan Allahn nan ya danna e. Cikin minti goma ta tono asalin sunan kowace waƙa da mawaƙinta har da hotonsa. Don Eulogio ya duba ya rasa gane ko ɗaya, ransa ya ɓaci.

"Baba, ai yanzu komai ya shiga tsari," in ji Wílmer.

"Wa ya ce maka tsari nake nema? Shekara arba'in ina ɓoyo, kai ka zo ka yi mini shara."

Abin takaicin, gogan naka Wílmer bai ma faɗi cewa ya watsa jerin waƙoƙin a intanet ba, wai don duniya ta san darajar surukinsa.

Ranar Laraba da hantsi Doña Edilsa, wadda ke shirya bikin unguwa duk shekara, ta biyo ta ƙofar gidan tana ta kame-kame. Don Eulogio ya ce ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"Bana abokin hamayyarka Nicanor za mu kira," ta ce, idonta a ƙasa. "Shi ma ya samu Akuyar, tunda ya ga asalin sunanta a intanet, kuma sifikokinsa sababbi ne."