Hoton Masuncin da Ruwa Ya Ci a Wudil

Bana, shekarar da Sarauniyar Ingila ta sauka Kano, bayan an kai gero rumbu, mun tashi da asuba ni da maƙwabcina mai ɗaukar hoto, muka nufi Wudil. Ni tunkiya zan saya, don ranar Juma'a kasuwarsu take ci. Shi kuwa alkawari ne ya tashe shi.

Motar katako muka hau, kowa sule da sisi. Akwatin hotonsa, tsoho mai ƙafa uku, ɗaya ma an ɗaure ta da tsumma, sai da aka biya masa sisi, wai shi ma fasinja ne. A hanya ya ba ni labari. Bara wani saurayi masunci ya haye kogi da akwatin nan a kansa, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce a ɗauke shi hoto ya kai wa uwarsa. Ran nan takardar hoto ta ƙare, maƙwabcina ya ce masa sai ya dawo. Da damina ruwa ya ci saurayin, har yau ba a ga gawarsa ba.

Muka sauka da hantsi. Shanu har inda ido ya tsaya, fura ƙwarya cike kwabo biyu, kifi kuwa kamar kyauta. Tunkiya ce kawai ta fi ƙarfina. Bayan an sauko daga masallaci muka gangara bakin kogi.

Wurin shiru. Ruwa ya ja baya ya bar farin rairayi, ko tsuntsu ba ya kuka. Wata tsohuwa na zaune ta zuba wa ruwa ido, gabanta riga da hula da babban goran kamun kifi. Masunta suka ce kullum nan take wuni da kayan ɗanta, ta rantse ba za ta daina ba sai ta gan shi.

Maƙwabcina ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ni ne mai hoton da ya yi masa alkawari."

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ka makara, ɗan nan."

Wani akawu da ya biyo mu, da sabuwar kyamara a wuya tana walƙiya, ya yi dariya. "Malam, tawa daga Ingila ta zo, ita ma ba ta ɗaukar mamaci. Balle wannan kejin kaji?" Ya ƙyasta hoton goran da rigar sau biyu, ya ce iyakar abin da ke nan ke nan.

Maƙwabcina ya kafa akwatinsa. Ya roƙi rigar, ya rataya ta a kan itace mai reshe biyu, ya ɗora hular, ya jingina goran. Sannan ya sauke kafaɗar hagu kaɗan, don ya tuna haka saurayin yake tsayuwa. Muka yi la'asar, muka zauna. Sai da rana ta yi sanyi ya tashi, ya kau da idon akwatin daga kayan, ya auna inuwarsu a kan rairayi, ya ɗauka.

Akwati irin wannan a cikinsa ake wanke hoto, kuma takardar farko a juye take fitowa, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai an sake ɗaukarta take komawa daidai. Ya zura hannu ya jima yana motsawa, ya zaro ta tana ɗigar ruwa.

Na duba, na ce a'uzu billahi. Ƙasa baƙa wuluk, a kanta mutum kwance sambal, fari fat daga kai har ƙafa, kafaɗa ɗaya a sauke. Akawu ya ja da baya. Wani masunci ya kama salati.

Maƙwabcina ya ce, "Iya, ki dakata in mayar da ita daidai."

Ta riƙe hannunsa. "Kada ka taɓa. Kafaɗarsa ce. Ga shi an sa masa likkafani." Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka sauke nauyi, ɗan nan. Na yafe maka." Ta naɗe rigar, ta ce wa masunta su ba mabukaci goran, ta hau tudu ba ta waiwayi ruwa ba.

Mun iso gida bayan isha'i, ba tunkiya. Ni da na yi karatu a allo na sani, alƙalamin kara ɗaya ne a hannun kowa, amma rubutu ba ɗaya ba ne. Akawu yana da kyamarar Ingila, ya ga gora da riga. Maƙwabcina ya riƙe kafaɗar mutum a zuciyarsa shekara guda, ya kuma san lokacin da rana za ta miƙar da inuwa. Allah ya jiƙan masuncin, ya ba uwarsa barci mai daɗi.