Injiniya Dattijo da Manhajar da Bai Rubuta Ba

Dattijo ɗan Lajawa ne, amma tun da ya yi wani gajeren kwas na kwamfuta a Kano ya daina amsa sunansa sai an haɗa da Injiniya. Ya kama shago a bakin titi a Wudil, ya sayi kujera mai juyawa.

Abin da yake ci da shi wata manhaja ce ta kula da kantin magani, wadda wasu 'yan sa-kai a Turai suka rubuta suka bar wa kowa kyauta. Dattijo ya sauke ta, ya goge sunayensu, ya liƙa hotonsa sanye da babbar riga, ya bi masu kemis yana sa musu. In an yaba sai ya dafa ƙeya ya ce, "Wallahi har hawan jini ya kama ni kafin na gama ta." Duk sanda masu abin suka fitar da gyara, shi ma sai ya sanar cewa ya yi sabon bincike.

Sai aka fara maganar wata doka a can Turai, wadda za ta ɗora laifi a kan duk wanda ɓarayin intanet suka samu ƙofa a manhajarsa. Mutanen nan ba su da kamfani, ba su da lauya. Suka tsorata, suka rufe shafinsu. Dattijo bai ma sani ba, don bai taɓa tsayawa ya karanta sanarwarsu ba.

Wata Juma'a, kasuwa tana ci, ɓarayi suka kulle kwamfutar Hajiya Huseina mai kemis. Ta zo shagon da kanta. Bayan sun gaisa ta ce, "Injiniya, tashi mu je ka gyara."

Ya buɗe shafin da ya saba ɗauko gyara a ciki, ya ga wayam. Ya juya a kujera, ya ce matsalar sabis ce.

"Wane sabis? Ba kai ka rubuta ba?"

"Hajiya, ai su ne marasa amana. Ya za a yi mutum ya janye abu haka kawai?"

"Su wa?"

Ya sunkuya yana goge gilashin wayarsa.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Masu kemis suka ɗauko wani daga Kano, Dattijo ya rufe shago. Yanzu cajin waya yake yi a Dagumawa. Duk wanda ya zauna jiran batirinsa ya cika, sai ya ba shi labarin yadda Turawa suka yi masa hassada, suka sace masa fasaha.