Tsatsa a Likkafanin Hajja

Tun ina yarinya aka san ni da iyayi. In an aike ni ɗebo ruwa sai na haɗa da wanke randa, in randar ta fashe kuma in ce dama tsohuwa ce. Halin nan ne ya jawo mini abin da har yau, da furfurata da komai, in na ji ƙanshin lemun tsami sai jikina ya yi sanyi.

A lokacin muna zaune a Nguru, bayan tashar jirgin ƙasa, ina goyon ɗana na fari. Maigidana fataucin bandar kifi yake yi, ya sayo daga Gashua da ƙauyukan fadama, ya loda wa jirgi zuwa Kano. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajja, tana zaune a Gashua. A ƙafa ta je Makka ita da mijinta, shekara bakwai suna hanya, ta binne shi can gabas ta dawo ita kaɗai. Duk abin da ta dawo da shi bai cika adudu ɗaya ba. A cikin adudun akwai farin yadin alawayyo da ta tsoma a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya shi a ranar Makka, ta naɗe. Likkafaninta ke nan, kuma duk dangi sun sani.

Wata shekara gab da damina gara ta shiga ɗakinta. Sai ta ba maigidana adudun ya kawo mana ajiya kafin a gyara ɗakin, da saƙo gajere: a rataye shi, kada a taɓa.

To, a makon nan ne maigidana ya saya mini akwatin ƙarfe a kanti, kore shar, da zanen furanni da ɗan kwaɗonsa. Duk unguwarmu ni ce ta biyu da ta mallaki irinsa, kaina har ya fi ƙarfin ɗankwali. Na dubi adudun nan na kaba yana lilo a jikin azara, na ce haba, yadin Makka guda a cikin wannan tarkace? Na sauke shi, na kwashe zannuwana daga akwati, na shimfiɗa likkafanin a ciki, na danna kwaɗo. Na tura akwatin jikin bango, ina jin na yi wa surukata abin da ba wanda ya taɓa yi mata. Ban san bangon nan yana tsattsafo da ruwa ba, kuma daminar shekarar ba ta yi wasa ba.

Da kaka, ana cikin kawo gyaɗa tasha, wani direba ya iso da saƙo: Hajja ba lafiya, ta ce a kai mata ajiyarta. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Maigidana ya fita neman mana wuri a motar gobe, ni kuma na buɗe akwati.

Wayyo ni! Gindin akwatin ya yi jajawur, tsatsa ta kama yadin ta bi ninki-ninki ta ratsa. Na ƙirga tabo tara, wani kamar ƙwayar wake, wani ya kai tafin hannun jariri. Shekara bakwai matar nan ta taka ƙasa don wannan yadi, ni na gama da shi a damina ɗaya. Ba yadin da za a sayo wani a maye gurbinsa ba ne, kuma a tunanina ko wanke shi ba a yi, kada zamzam ɗin ya bi ruwa.

Da ina da hankali da a nan na tsaya. Ina! Na jiƙa toka, na narka kanwa a ciki, don da su muke cire maiƙon kifi daga rigunan maigida. Na zaɓi ƙaramin tabo na goga, na sake gogawa. Maimakon ya fita sai ya rine, daga ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya zauna daram. Garin gyaran gira na tsone ido. Na naɗe yadin, na mayar da shi adudunsa kamar ban taɓa ba, ban ce wa maigidana uffan ba.

A motar Gashua mutane suna ta kukan rairayi da zafi, ni ban ji ko ɗaya ba. Adudun yana kan cinyata kamar na ɗauko dutsen niƙa.

Mun tarar da Hajja kwance a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, amma idonta tar. Bayan gaisuwa ɗanta ya fita wajen maza, ta ce da ni, "'Yar nan, miƙo ajiyata in gani."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na durƙusa na ce, "Hajja, ki gafarce ni, na yi ɓarna." Na faɗa mata komai ina kuka, har da akwatin, sai dai na haɗiye maganar kanwa.

Ta ce in warware yadin. Ta bi tabon ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ni jira nake ta tsine mini ko ta juya mini baya, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta tsaya a kan mai duhun nan, ta kai shi hanci.

"Wannan kanwa ya sha," in ji ta. "Wa ya ce miki tsatsa tana jin kanwa? Maiƙo ke jin kanwa da toka. Tsatsa tsami take ji. Share hawayenki, uwar iyayi, rana tana tafiya, ni kuma ba jiran gobe nake ba."

Ta aika aka sayo lemun tsami daga masu lambu na bakin kogi. Ta ce a kawo farin gishiri na kanti, ban da manda, don manda da kanwa 'yan gida ɗaya ne. Ta sa na ɗora tukunya, da ruwan ya tafasa na sauke, na miƙe wurin tabon a bakin tukunyar tururi yana dukansa ta ƙasa. Duk tana kwance take ba da umarni, muryarta can ƙasa-ƙasa.

"Barbaɗa gishiri. Kada ki goga, ba tukunya kike wankewa ba. Matsa lemun a kai, ɗigo-ɗigo. To, kai shi rana."

Na shimfiɗa yadin a kan sabuwar tabarma a tsakar gida, rana tsaka, na tsuguna a kansa. Da farko ban ga komai ba. Can sai na ga gefen tabon ya fara dusashewa, jan nan ya koma ruwan goro, ruwan goron ya koma kamar ruwan ƙwai, yana ja da baya zuwa tsakiya. Ba sabulu, ba bugu, ba hannun kowa. Ikon Allah! Na ƙara lemu, na ƙara jira, sai ga fari fes, har na kasa gane inda tabon yake sai da na shafa na ji danshi. Na yi salati da ƙarfi har kajin gidan suka watse. Lemun da muke matsawa a kunu, da gishirin miya, da ranar da ke ƙona mu kullum, ashe duk wannan aiki yana cikinsu ban sani ba.

Hajja ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huta na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce, "Da me kike zaton muka ci tuwo a hanya? Wankau na yi gari-gari. Na wanke rigunan mutanen da ban san harshensu ba. In kin ɓata rigar baƙo a ƙasar da ba ki da kowa, dole ki san maganin kowane tabo." Ban taɓa sanin haka ba, ɗanta ma bai sani ba. Mu dai mun san Hajja da carbi, ba mu san hannun nan ya sha ruwan toka shekara bakwai ba.

Da aka zo ɗauraye tsamin, hannuna ya tsaya a kan ƙoƙon ruwan rijiya. Na ce, "Hajja, zamzam ɗin fa?"

Ta harare ni. "Albarka shuni ce da za ta zuba? Ɗauraye, kada tsamin ya ci mini yadi."

Kafin la'asar tabo takwas sun tafi. Na taran, wanda na shafa wa kanwa, ya ƙi. Sau huɗu ina maimaita masa, ya ɗan yi haske ya tsaya, kamar ƙwayar wake a gefen yadin. Washegari na sake dasa tukunya tun hantsi, na ce yau ko ni ko shi. Hajja ta ɗaga hannu ta hana ni.

"Bar shi haka, 'yata. Na tsatsa duk sun fita, wannan naki ne. Da shi zan tafi."

Ba ta taɓa ce mini 'yata ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni.

Kwana biyar bayan haka ta rasu, da hantsi. Ashe ta bar wa ƙanwarta wasiyya cewa in shiga cikin masu yi mata sutura, abin da ya ba matan gidan mamaki, don ga 'yan uwanta na jini birjik. Da aka yayyanka yadin, tabon ya faɗo a ƙyallen da ake rufe ƙirji da shi. Wata dattijuwa cikin masu wankan ta hango shi, ta ɗauki almakashi ta ce bari a datse wurin nan, ai ba a kai mutum da datti.

Ni da ba na iya ɗaga ido gaban dangin miji, sai ga hannuna a kan nata. Na ce, "Baba, a bar shi. Ita ta ce da shi za ta tafi."

Ta dube ni, ta ajiye almakashin. Na ja ƙyallen na rufe Hajja, yana ta ƙanshin lemun tsami.