Mutum Ba Ruwa Ba Ne

Jiya jikata Rakiya tana bitar Turancin makaranta, na ji ta ce "influx". Na ce, "Ke, mene ne wannan kuma?"

Ta ce, "Kwararowa ciki ke nan, Kaka. Daga Latin, tsohon yaren Turawa: in ciki, fluere gudanar ruwa. Haka ake kiran shigowar 'yan gudun hijira gari."

Raina ya ɓaci. Mutum da uwarsa da ubansa, a ce masa ruwa?

Na tuna mahaifina, mai saukar da fataken goro a nan Zongo. Wata damina mota ta sauke baƙi daga Nijar, jiƙe sharkaf. Ya karɓi ƙwaryar zom-kom daga hannuna, ruwan geron nan mai ƙanshin citta. Kowa sai ya tambayi sunansa da garinsa, ya maimaita, sannan ya miƙa masa.

Yau ɗana zai kori wata mata daga zauren mahaifin nawa, wadda ta gudo daga arewa, wai 'yan gudun hijira sun cika unguwa. Na ce, "Mene ne sunanta?" Ya ce bai sani ba.

Na ce, "Wata biyu tana share maka ƙofa! Babu inda za ta."

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya bar ni da rai har ta koma garinsu lafiya.