Ranar da Kaka ta Dawo da Mai Hula Gida

Mako biyu ke nan ɗinki yana taruwa a shagona a unguwar Maamobi, masu kaya suna zuwa suna komawa rai a ɓace. Laifin ƙanwata Sadiya ne. Ita ta turo mini tsohon wasan talabijin ɗin nan na yarintarmu a waya, daga kashin farko har na ƙarshe. Na ce zan ɗan leƙa kawai. Tun ranar ban sake samun natsuwa ba.

A gidanmu na unguwar Nima babu talabijin a lokacin. Kowace Lahadi bayan Magariba mukan cika ɗakin maƙwabcinmu, wani tsohon ɗan sanda, muna kallo a tsaitsaye. Da Turanci ake wasan. Ba ma ji, Kaka Azumi ma ko "zo" ba ta sani ba. Amma da an tashi sai ta zauna gaban kurfoti, ɗan murhunmu na ƙarfe, tana firfita gawayi da murfin tukunya, ta fassara mana komai kamar da ita aka rubuta. Ko sunan jarumin ba mu riƙe ba, Mai Hula muke ce masa. Saurayi ne da ya hau jirgin ruwa neman arziki, ya bar uwarsa tana rufe masa abinci a kwano kullum.

Ni ba don nishaɗi nake kallo ba. Babana, ɗan Kaka tilo, ya bi sahara zuwa Libiya ina 'yar shekara shida. Wasiƙa biyu ya aiko, sai shiru. Na ƙudurta a raina cewa in Mai Hula ya dawo, Baba ma zai dawo. Ban gaya wa kowa ba, amma Kaka ba a ɓoye mata abu.

Ranar kashin ƙarshe aka ɗauke wuta a Nima kaf. Na yi ta birgima ina ihu. Kaka ta dube ni, ta ja mayafinta.

"An ce can unguwar Kotobabi akwai wuta, zan je in gano muku. Ku zauna nan, kada kowa ya bi ni."

Da ƙafa ta je, da ƙafa ta dawo. Ta zauna gaban kurfoti ta yi ta firfita, ta yi ta firfita.

"Kaka, ya dawo?"

"Ke Rabi, kin cika gaggawa. Bari wuta ya kama tukuna."

Can ta ɗago. "To, ku buɗe kunne, ga shi nan tafe." Ta ce da asuba jirgi ya tsaya. Mai Hula ya sauko ya rame, babu akwati, babu ko takalmi, kunya ta hana shi shiga gida. Uwarsa ta gan shi a bakin lungu, ba ta tambaye shi komai ba. "Kwanon kawai ta miƙa mishi. Ya cinye tas, har ya lashe hannu." Daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Kwana uku ina juya waya a hannu, na kasa danna kashin ƙarshe. Jiya bayan Azahar na rufe shago na kalla. Mai Hula bai dawo ba. Wani baƙo ne ya kawo wa uwar hularsa. Ta karɓa, ta ɗauki kwanon ta juye wa kaji abincin. Shi ke nan, aka rufe.

Da farko haushin Kaka na ji, wallahi, tana kabarinta ma. Shekara nawa na yi ina leƙen bakin lungunmu saboda maganarta? Baba bai dawo ba, ko hula ba a kawo mana ba. Sai daga baya na tuna cewa ita ce ta zauna a ɗakin mutanen da ba ta sani ba, ta ga ana miƙa wa uwa hular ɗanta. Ta taso ita kaɗai, ta tako daga Kotobabi har Nima da wannan a ƙirji, ta san ina jiranta da tambaya ɗaya. Na kifa kai a kan keken ɗinki na yi kuka.

Da yamma Sadiya ta kira. Yara ba su bar ta ta kalli ko kashi ɗaya ba.

"Yaya, kin kai wurin da ya cinye abincin? Kamar yadda Kaka ta faɗa ne?"

Na dubi ko'ina a shagon, babu kurfoti, babu abin da zan firfita.

"Sadiya," na ce, "kin cika gaggawa."